Bindigar da Ba Ta Cin Albarushi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kun saba da bindigar toka, kun san warin albarushi. Yau ina so in ba ku labarin wata bindiga wadda ba ta cin albarushi. Iska take ci. Wataƙila kun gan ta cikin waya, ko kuma wata rana ɗan ci-rani ya kawo ta tsaraba. Gara ku san ta tun ba ta shigo gida ba.

Ƙarama ce, ta hannu, irin wadda ake ratayawa a ƙugu. Da gangan ake yin ta kamar ta gaske. A ƙasar Jamus akwai wani kamfani, sunansa Umarex. Yana karɓar izini wurin masu ƙera bindigogin gaske, kamar Beretta da Glock, ya yi tasa da siffarsu da sunansu. Tsawo ɗaya, launi ɗaya, wani lokaci har nauyin ma kusan ɗaya.

To, ƙaƙa take harbi? Cikin mariƙinta ana sa wata ƴar kwalba ta ƙarfe, tsawonta kamar santimetir 8. A ciki akwai iska giram 12. Ita ce iskar nan da ke sa lemun kwalba kumfa, masana na ce mata CO2. An matse ta sosai har ta zama ruwa. Wani kamfanin Amurka, Crosman, shi ya fito da irin wannan kwalba a 1954. In an ɗaure ta, wani tsinke ya huda bakinta. In ka ja kunama, wata ƴar ƙofa ta buɗe ta rufe nan take. Iska kaɗan ta fito da ƙarfi, ta tura harsashi waje.

Harsashin ɗan dunƙulen ƙarfe ne, faɗinsa milimetir 4 da rabi, kamar ƙwayar dawa. Akwai kuma wata iri mai harsashin roba na milimetir 6. Wannan a ƙasar Japan aka fara yin ta cikin shekarun 1970, don can doka ta hana mutanen gari riƙe ƙaramar bindiga ta gaske. Kwalba ɗaya takan yi harbi 50 ko 60, wani lokaci fiye. Wasu bindigogin, in an harba, samansu kan ja baya ya dawo kamar ta soja. Wannan kwalliya iska take ci, saboda haka kwalbarsu ba ta daɗewa.

Mu zo ga ƙarfinta. Harsashinta yana gudun metir 100 zuwa 130 cikin daƙiƙa ɗaya. Na bindigar gaske yana yin kusan 350, kuma ya fi shi nauyi fiye da sau 20. A tazarar metir 5 zuwa 10, mai hannu yana samun gwangwanin tumatir. In an wuce metir 20, harsashi ya fara bin son ransa, don mafi yawansu cikin bututunsu sumul yake, ba abin da ke juya harsashi ya tafi sak. Maharbi, kada ka ɓata kuɗinka. Zomo za ta raunata, ya gudu ya mutu a banza cikin daji.

Zafi da sanyi ma suna sauya ta. Da safiyar hunturu iskar ba ta da ƙarfi, harsashi ya faɗi kusa. In an yi ta harbi da sauri, kwalbar ta yi sanyi, ƙarfi ya ragu. In kuwa ta yi zafi, iskar ta ƙara matsuwa. Ko a digiri 20, matsin da ke cikinta ya ninka na tayar mota fiye da sau 20. Masu yin ta sun ce kada zafinta ya kai digiri 50. Ku kuwa kun san bazararmu. Cikin Afirilu da Mayu, a Tawa ko Maraɗi, zafi na wuce digiri 40 a inuwa. Cikin mota rufaffiya ko bisa kwanon rufi ya fi haka nesa. Kwalbar na iya fashewa. Kada a bar ta a rana, kada a jefa ta wuta.

Ni abu biyu ke damuna da wannan bindiga. Na farko, ido. Harsashin da bai kashe zomo ba ya isa ya fasa ido. Ga shi na ƙarfe ne, in ya bugi dutse ko ƙyauren ƙarfe sai ya dawo kan mai harbi ko yaron da ke kallo. Ido kuwa ba a sayen wani a kasuwa.

Na biyu ya fi muni, shi ne kamannin nan nata. Ran 22 ga Nuwamba 2014, a garin Cleveland na Amurka, wani yaro ɗan shekara 12, Tamir Rice, yana wasa da irinta mai harsashin roba. A can akan sa alama mai launin lemu a bakin irin wannan bindiga don a gane ta, amma tasa ba ta da ita. Wani ya kira ƴan sanda. Da zuwansu ɗaya ya harbe shi, kashegari ya rasu. Hausawa na cewa kama da wane ba wane ba ne. Gaskiya ne, amma jandarma ko soja da ke bakin shinge ba ya da lokacin bincike. Abin da idonsa ya gani shi zai bi.

Saboda haka, in ta shigo gidanku, ku ɗauke ta bindiga. Kada a ba yaro ita. Kada a auna mutum ko dabba, ko da ana zaton ba kome ciki. Kada a fita da ita kasuwa ko kan hanya. Kafin a ajiye ta gida, a tambayi hukuma abin da doka ta ce. Mai son gwada hannu ya sa tabarau na kariya, ya jingina abin bararsa ga tudun rairayi, ya kori yara baya. In ya gama, ya cire harsashi, ya harbe sauran iskar, ya fidda kwalba, ya kulle kome cikin akwati.

Ku karanta wa maƙwabta wannan, musamman masu samari a gida.