Ranar da Muryar Mahaifina Ta Makara

A Ƙaramar Sallar da ta zame masa ta ƙarshe, na zauna gaban mahaifina a ɗakinsa da ke Kiyawa, na ɗora wayata bisa tulin littattafai, na roƙe shi ya ba mu tarihin gidanmu. Ya shafe kusan awa guda yana jero sunayen kakanni da iyakokin gonaki. Bayan wata biyar Allah ya yi masa rasuwa.

Da Inna ta fita takaba, sai ta ce tana son ta sake ganin Malam yana magana. Ba ta riƙe babbar waya, abin da take da shi talabijin ce da tsohuwar na'urar DVD. Na kai bidiyon wani shago a Dutse aka juye shi a faifai. Na kalli minti biyun farko, na biya, na kama hanya.

Bayan isha muka kunna. Da fari komai daidai. Tafiya ta yi nisa, sai leɓɓan Malam suka fara riga muryarsa. Can wajen ƙarshe, sai ya rufe baki yana murmushi, alhali ana jin sa yana ambaton mahaifiyarsa. Inna ta kau da kai ta ce, "Kashe abin nan. Malam bai taɓa magana baki a rufe ba." Na koma Dutse a daren cike da kunya.

Fannina ba kwamfuta ba ne, amma mai koyar da bincike a jami'a bai da uzurin zama cikin duhu. Abin da na gano shi ne, bidiyo jerin hotuna ne da ke wucewa da sauri, sauti kuma yana tafiya a nasa layi. Faifan DVD na tsarin PAL, wanda Najeriya ke bi, yana buƙatar hotuna 25 cif a kowace daƙiƙa. Wayoyinmu kuwa galibi kusan 30 suke ɗauka, kuma adadin ba ya tsayawa wuri guda: in haske ya yi ƙaranci, wasu sukan rage shi. Ɗakin Malam mai duhu ne. Manhajar da aka yi juyin da ita ta ɗauka adadin bai taɓa sauyawa ba, sai hoton ya gajarce, murya ta zauna a tsawonta. Ko bambancin da ke tsakanin 30 da 29.97, da ƙanƙantarsa, yana tara daƙiƙa 3.6 cikin awa guda.

Ciwon iri biyu ne. In tazarar da ke tsakanin baki da murya ɗaya ce daga farko har ƙarshe, matsar da sautin kawai za a yi. A manhajar VLC, maɓallan J da K suna ja da shi gaba ko baya kaɗan-kaɗan har a gane girman tazarar. In kuwa tazarar ƙaruwa take yi, kamar tawa, matsarwa ba ta magani. Sai na koma kan bidiyon asali, na bi da shi ta HandBrake, manhajar kyauta, na zaɓi tsayayyen adadi na hotuna 25, na sa awon sauti a 48,000, wanda shi ne na DVD, sannan aka sake juyewa. Wannan karon daga ƙarshe na fara kallo.

Ban ga laifin yaron shagon ba, ni ne na yi garaje. Amma shawarata ga duk mai kai bidiyon biki, suna ko saukar karatu: ya duba ƙarshensa kafin ya biya, kuma kada ya goge na asali don ya riƙe faifai. Da na goge nawa don neman fili a waya, da gyaran ya gagara.

Inna ta kalli sabon faifan har ƙarshe ba ta ce uffan ba. Da Malam ya shafa addu'a, ita ma ta ɗaga hannu ta shafa tare da shi. Allah ya jiƙan magabatanmu.