Na'urar Za A Ceta Ko Abin Da Ke Cikinta?

Duk marubucin da ya daɗe a wannan harka ya san abokan gabar rubutu na gargajiya, wato gara da ɗigar ruwan damina da gobara, da kuma abokin da zai ari littafi ya ƙi dawo da shi. To amma tun da na'ura mai ƙwaƙwalwa ta shigo cikin sha'anin, sai aka sami ƙarin wata abokiyar gabar wadda ba ta cin takarda, ba ta kuma barin toka. Rubutu yana nan daram a cikin faifai, amma na'urar ta ƙi tashi, ba mai iya kai wa gare shi. Wannan matsala ce muke so mu tattauna da 'yan'uwa marubuta, ta hanyar ba da labarin wata tsohuwar na'ura da muka yi fama da ita, mu wasu 'yan tsirarun malaman sakandare.

Asalin maganar shi ne wani malaminmu na Hausa, wanda ya riga mu gidan gaskiya, ya shafe shekaru yana bin ƙauyuka yana tattara tatsuniyoyi da kacici-kacici daga bakin tsofaffin mata. Kwalejin da yake koyarwa tana da wata na'ura ta yin lissafin albashi da sakamakon jarrabawa, shi kuma idan ma'aikata sun tashi da yamma sai ya roƙi arziki ya zauna yana buga abin da ya tattaro. Daga baya gara ta cinye littattafan da ya rubuta da hannu, tsofaffin da suka ba shi labaran kuwa duk sun shuɗe. Wata rana aka ɗauke wuta na'urar tana tsakiyar aiki, da aka dawo da ita sai ta ƙi tashi. Tun daga ranar aka tura ta sito, aka lulluɓe ta da tamfol. Ka ga ke nan aikin Malam bai rage a ko'ina ba sai a cikin faifai guda ɗaya tak.

Ya kamata mai karatu ya san irin na'urar da muke magana a kai, don ba irin ta kan tebur ba ce. Sunanta PDP-11, ƙirar kamfanin Digital Equipment Corporation na jihar Masacuset ta Amurka, wanda aka kafa a 1957. An fara fitar da ita a 1970. A wancan zamani babbar kwamfuta tana cika zaure guda, don haka da aka sami wadda ba ta wuce girman firji ba sai aka riƙa kiranta ƙaramar kwamfuta. Tamu samfurin 11/23 ce, wadda ta fito a 1979. Faifanta kuwa, mai suna RL02, faɗinsa inci 14 ne, kamar faifan rufe ƙwarya babba, a cikin gidansa na roba, kuma megabayit 10 kacal yake ɗauka, wato hotuna uku ko huɗu na wayar hannu ta yau sun isa su cika shi. Kamfanin da ya ƙera ta ma babu shi yanzu, domin Compaq ya saye shi a 1998, shi ma Compaq ɗin ya narke cikin HP a 2002. Saboda haka babu wani ofishi da za mu kai kuka.

Da hukumar kwalejin ta ba mu izini, sai muka nemo mutum biyu. Na farko wani dattijo ne da ya yi ritaya, wanda ya yi aikin gyaran irin waɗannan na'urori yana saurayi, muna kiransa Baba Injiniya. Na biyu kuwa wani tsohon ɗalibinmu ne mai shagon gyaran kwamfuta, yaro mai kaifin basira da zafin nama.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne Baba bai yarda an kunna na'urar ba sai da aka yi kwanaki ana shara. Ya bayyana mana cewa faifan yana juyawa sau 2,400 a minti ɗaya, kuma kan da ke karanta shi ba ya taɓa shi kamar yadda allurar garmaho take yi, a kan iska yake shawagi, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin silin gashi ba ko kusa. Idan ƙwayar ƙura ɗaya ta shiga tsakani, kan zai kartar faifan ya kankare rubutun har abada. Wanda ya san ƙurar hunturun ƙasarmu ya san wannan ba ƙaramar barazana ba ce. Aka goge ko'ina, aka gyara matacin iska, aka auna kondensoshin wuta da suka yi shekaru a kwance, aka kuma gwada injin da wani faifan daban wanda ba a damu da abin da ke cikinsa ba. Sai da duk wannan ya kammala sannan aka sa faifan Malam, kuma kafin a yi haka Baba ya danna wani maɓalli da ke gaban injin, wanda aikinsa shi ne hana rubuta komai a kan faifai.

Faifai ya juya, fitila ta kama, sai na'urar ta yi ɗan yunƙuri ta tsaya. Babu abin da ya rage a allo sai wasu lambobi da alamar nan ta @, wadda take nufin ƙwaƙwalwar tana raye amma ba ta san inda za ta dosa ba. Nan take ɗalibinmu ya ce, "Baba, ai wannan mai sauƙi ne. A share shi a zuba sabuwar manhaja, kafin la'asar ta tashi." Baba ya dube shi ya yi murmushi ya ce, "Yaro, gaskiyarka, za ta tashi. To amma ka tambayi malamanka, ƙarfen suka zo ceta ko maganar da ke cikinsa?"

Wannan tambaya ita ce gishirin al'amarin duka. Tayar da na'ura daban, ceto rubutu daban, kuma sau da yawa hanyar da ta fi saurin kai wa ga na farko ita ce take hallaka na biyu. Don a gane dalili, sai an san yadda na'urar take tashi.

Babbar manhajar da ke tafiyar da ita sunanta RT-11, wadda aka fara fitarwa a 1973. Tana kasa faifai zuwa gurabe, kowane gurbi yana ɗaukar harafi 512, kuma faifai irin na Malam yana da gurabe 20,480. Idan an kunna na'ura, wani ɗan guntun umarni da aka dasa a jikinta zai karanto gurbi na 0. Abin da ke gurbi na 0 zai jawo wanda ke gurbi na 2 zuwa na 5, shi kuma wannan zai je gurbi na 6, inda fihirisa ta fara, ya nemi inda babbar manhajar take. Fihirisar nan ita ce take riƙe da sunan kowane fayil da tsawonsa. In ta lalace, na'ura ta makance, ko da kuwa duk sauran gurabe dubu ashirin da ɗoriya lafiyarsu ƙalau. Kamar littafi ne da aka yage shafin abin da ke ciki aka kuma goge kanun babuka. Labarin yana nan, sai dai ba alamar inda wannan ya ƙare wancan ya soma. Wanda ya zuba sabuwar manhaja a irin wannan faifai, na'urar za ta ɗauka ko'ina fili ne, ta yi gini a kan gonar mutane.

Don haka abin da aka fara yi shi ne kwafi. A nan ne ɗalibinmu ya nuna tasa bajintar. Ya cire wayar da ke haɗa na'urar da allonta ya jona da laftof ɗinsa, ya tura wani ɗan ƙaramin umarni cikin ƙwaƙwalwarta ta wannan ƙofa ta @, wanda aikinsa kawai ya karanto gurbi bayan gurbi ya miƙo. Wayar harafi 960 take wucewa da shi a daƙiƙa ɗaya, wato a lissafi aikin awa uku ne idan ba a sami tangarɗa ba. Janareta muka kunna, don ba wanda yake son tarihi ya maimaita kansa. Sau biyu aka karanta faifan aka gwama, sannan aka cire shi aka mayar gidansa. Daga ranar ba a ƙara taɓa shi ba.

Sauran aikin duk a kan kwafi aka yi shi, da taimakon wata manhaja mai suna SIMH, wadda Bob Supnik, tsohon injiniyan kamfanin, ya fara rubutawa a 1993. Ita tana sa kwamfutar zamani ta kwaikwayi tsohuwar, ta yadda ko an yi ɓarna sai a ɗauko wani kwafin a sake. Da aka leƙa sai aka tarar gurbi na 0 zuwa na 5 ba abin da ya same su, amma fihirisa ta zama shirme. Baba ya ce alamu sun nuna wutar ta ɗauke ne lokacin da ake matse fayiloli wuri guda don a sami fili, wanda shi ne lokacin da faifai ya fi kowane lokaci rauni, domin ana cikin ƙaura ne, kaya rabi a tsohon gida rabi a sabo.

Inda aka yi sa'a shi ne RT-11 tana ajiye kowane fayil a jere, gurbi na bin gurbi, ba ta warwatsa shi. Ke nan idan an san farkonsa da ƙarshensa an same shi duka. To amma ina farkon, ina ƙarshen? A nan ne injiniyoyi suka ja da baya, malaman Hausa suka matso. Kowace tatsuniya da "Ga ta nan, ga ta nanku" take buɗewa, ta rufe da "Ƙurunƙus". Sai muka sa aka nemo duk inda waɗannan kalmomi suka fito a faifan. Sai dai tsarin haruffan na'urar, wato ASCII, alamomi 128 ne kawai, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a cikinsu, don haka Malam ya riƙa buga k' da d' da b' a madadinsu, mu ma da wannan siffa muka nema. Ashe ƙa'idar da kakanninmu suka kafa don yara su san hira ta soma ko ta ƙare, ita ce za ta zama fihirisa ranar da ta na'ura ta gaza. Muka zauna da biro da takarda muna rubuta lambar gurbin farko da tsawon kowane labari, ɗalibinmu yana gina sabuwar fihirisa da su.

Ba duka aka samu ba. Wasu labaran sun fito sau biyu saboda ƙaurar da ba ta kammala ba, wasu 'yan gurabe kuma sun ƙi karantuwa sam, kuma uku daga cikinsu a tsakiyar wata doguwar tatsuniya suke, wadda ba mu taɓa jin irinta a wani wuri ba. Gurbi ɗaya kimanin kalma ɗari ne. Akwai wanda ya ba da shawarar mu cike giɓin da kanmu, tunda dukkanmu muna taɓa rubutu kuma ana iya hasashen inda labarin ya nufa. Bayan doguwar muhawara muka tsaya a kan a bar wurin fili, a sa alama a ce nan an rasa kaza. Dalilinmu shi ne maganar ba tamu ba ce, ba ta Malam ba ce ma, ta wata tsohuwa ce da ta ba shi amana. Idan muka yi mata ƙari ba tare da mun faɗa ba, mun yi wa labarin irin abin da muka hana a yi wa faifan. Ita kuwa na'urar, daga baya aka zuba mata manhaja a wancan faifan na gwaji, ta tashi sumul.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsalar masu tsofaffin ƙarafa ce kaɗai. A 1986 gidan rediyo da talabijin na BBC ya tattara bayanai da hotunan rayuwar Birtaniya a kan wasu faifai na musamman, don cikar shekara 900 da rubuta kundin Domesday na 1086. Kafin a yi shekara ashirin na'urorin karanta faifan sun yi wuyar samu, sai da masana suka yi aikin ceto, alhali kundin da aka rubuta a kan fata yana nan ana karanta shi. Mu ma nan gida, littattafai nawa aka buga a shagunan buga takardu a shekarun 1990 aka adana a 'yan ƙananan faifan fulofi? Marubuta nawa ne a cikinmu za su iya buɗe nasu a yau?

Saboda haka shawararmu ga 'yan'uwa, musamman masu tasowa, ita ce ranar da kwamfuta ko waya ko filashi ya ƙi buɗewa, a dakata. Kada a yarda da duk wani gyara da zai yi rubutu a kansa sai an fara kwafe shi ɗungurungum, kuma a faɗa wa mai gyara ƙarara cewa abin da ke ciki ake so, domin shi a sana'arsa na'ura ta tashi ita ce nasara. Kafin ranar ta zo kuwa, a ajiye kowane aiki a wuri fiye da ɗaya, ɗaya daga ciki ba a gida ba, a sake kwafe shi duk lokacin da aka canza na'ura, a kuma buga shi a takarda a ba wani amintacce. Rubutun da yake wuri ɗaya tak, ko a faifai ne ko a akwati, ɗaukewar wuta ɗaya ko damina ɗaya ta ishe shi.