Saura Kwana 15 Sallah, Layi Ya Gangara

Da ya dawo daga sallar asuba ranar Talata, 26 ga Maris, 2024, sha shida ga watan azumi, bai koma barci ba kamar yawancin maƙwabtansa. Ya shiga ɗan ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, wanda a da wurin jibge tarkace ne, ya kunna kwamfuta, ya buɗe Search Console, allon da Google ke nuna wa mai shafi sau nawa shafinsa ya fito a bincike da sau nawa aka latsa shi. Da wannan yake fara kowace rana, kamar yadda manomi ke zagaya gona tun raɓa ba ta bushe ba. A safiyar nan ya tarar layin da ya shafe wata takwas yana hawa sannu a hankali ya karkato ƙasa, kuma ba jiya ya fara ba. Alƙaluman allon kan makara da kusan kwana biyu, don haka abin da yake gani tsohon labari ne.

Shafin na wani Alhaji ne mai shago a Kantin Kwari, mai sayar da shadda da atamfa da leshi. Saura kwana 15 Sallah a lissafin kalanda. A lissafin kasuwar yadi kwanakin ba su kai haka ba, domin teloli kan daina karɓar ɗinki tun kafin goman ƙarshe ta yi nisa, kuma wanda bai sayi yadinsa a makon nan ba, da wuya ya saya.

Sana'ar tasa ba ta sami sunan Hausa ba tukuna. Masu yin ta suna kiran ta da haruffa uku, SEO. Mahaifiyarsa kuwa, idan ƙawayenta suka tambaya, cewa take yi, “Aikin kwamfuta yake yi, yana gyara wa mutane kasuwa.” Bayanin nata bai yi nisa da gaskiya ba. Kafin shafi ya bayyana ga mai bincike sai ya wuce matakai uku. Da farko wata manhaja mai suna Googlebot, wadda ake yi wa laƙabi da gizo-gizo, tana bin mahaɗa daga shafi zuwa shafi tana karantawa. Daga nan a shigar da abin da ta karanta cikin wani ƙaton kundi. Sai kuma, a duk lokacin da wani ya rubuta tambaya, a jera shafukan kundin daga wanda aka ga ya fi amsa ta. Aikinsa shi ne ya share wa gizo hanya, ya tabbatar shafi ya shiga kundi, ya kuma sa shi ya cancanci zama a sahun gaba.

Dabarar jerin ta samo asali ne daga Larry Page da Sergey Brin, ɗaliban Jami'ar Stanford ta Amurka waɗanda suka kafa Google a 1998. Sun ɗauki kowace mahaɗa daga wani shafi zuwa wani a matsayin shaida, kuma shaidar shafi mai mutunci ta fi nauyi. Duk wanda ya taɓa shiga Kwari baƙo ya san wannan hikima: shagon da manyan 'yan kasuwa suka nuna maka, can za ka nufa. Kuma kamar yadda aka saba, inda shaida ta yi daraja, masu shaidar zur ba sa nisa. Mutane suka shiga sayen mahaɗa dubu-dubu, har Google ya fito da sauyin Penguin a Afrilun 2012, shafuka masu yawa suka wayi gari a ƙasan jeri.

A wannan safiya yana da uzuri shiryayye. Tun 5 ga Maris Google ya sanar da wani babban sauyi a tsarin jerinsa, wanda bai kammala ba sai bayan kwana 45, kuma duk masu sana'ar a duniya kuka suke yi. Da ya ce wa Alhaji daga can sama abin ya zo, babu mai ƙaryata shi. Amma wani abu bai zauna masa ba. Sauyin jeri yakan sauko da shafi daga matsayi na uku zuwa na goma sha biyu, ya bar shi a wurin. A nan kuwa shafukan da suka rage suna nan a matsayinsu, sauran sun ɓace ɗungurungum, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana zare su.

Bai samu ya bi sawun ba nan take, domin ƙarfe goma na safe a Kano ƙarfe tara ne a Ingila, lokacin da ɗayan abokin cinikinsa ke buɗe ofis. Wani ƙaramin kamfani ne a wajen Manchester mai gyaran na'urar ɗumama gida. Ga shi nan zaune cikin zafin Maris, da ƙishirwar azumi, yana tsara shafi a kan abin da ya kamata mutum ya yi idan bututun ruwa ya daskare. Bai taɓa ganin ƙanƙara a wajen firji ba. An ɗauke wuta tun dare, batirin sola kuma ba zai ɗauki fanka da kwamfuta da na'urar intanet gaba ɗaya har yamma ba, saboda haka fanka ce ta haƙura. Wannan kamfani da fam yake biya, kuma a shekarar da dala ta haura naira 1,500, kuɗinsa ne ke riƙe da cefane da kuɗin makarantar yara. Shi ne kuma ya jawo masa kallon gefen ido a unguwa. Magidanci mai lafiya da ba ya fita da safe, kullum yana gaban kwamfuta, kuɗi na shigo masa daga waje: fassara biyu kawai majalisar bakin titi take da ita, ko zaman kashe wando ko damfara. Sai da ya gyara wa makarantar Islamiyyar unguwa adireshinta a taswirar Google kafin gaisuwa ta koma daidai.

Mafi yawan ranakunsa babu tashin hankali a cikinsu. Aiki ne na zama da haƙuri, kuma ɓangaren da ya fi so shi ne sauraron yadda mutane ke tambaya idan babu mai kallon su. Allon yana nuna masa ainihin kalmomin da aka rubuta. Kusan babu mai sa haruffa masu ƙugiya a waya: “kudin shadda” ake rubutawa. Wani ya rubuta “shada”, wata ta rubuta “atampa”, shaddar Getzner ta ƙasar Ostiriya kuwa “gezna” ce a bakin kowa da yatsun kowa. Rabin tambaya Hausa, rabi Ingilishi, wani lokaci da farashi a ƙarshe. Alhaji ya so kan shafinsa ya fara da marhabin da sunan shago da addu'ar buɗi, abin da ya dace da allon shago amma babu mai neman sa a bincike. An kai ruwa rana kafin a yi sulhu, addu'a ta zauna a ƙasa, sunan yadi da launinsa da tsawonsa suka hau sama. Sai kuma hotuna. Yaran shago kan ɗora hoto mai nauyi kai tsaye daga waya, alhali Google yana son babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi, mai saye kuma yana ƙirga datarsa. Awanni kan tafi a rage nauyin hotuna da rubuta wa kowane yadi bayaninsa. Babu mai tafa wa wannan aiki, kuma shi ne ya ɗaga layin wata takwas.

Bayan azahar waya ta yi ƙara.

“Malam, yaran shago sun ce waya ta yi shiru kwana biyu. Lafiya?”

“Ranka ya daɗe, na gani tun da asuba. Ina kan bincike.”

“To, ga wani ya turo min saƙo. Ya ce zai sa mana mahaɗa dubu, cikin mako guda mu zama na ɗaya. Kuɗin ma ba yawa.”

“Alhaji, Google da kansa ya rubuta cewa babu wanda zai iya lamunce maka matsayi na ɗaya. Ka ba ni zuwa magariba.”

Da la'asar ya ɗauki adireshin shafin farar shadda, ya sa a ma'aunin da ke duba shafi ɗaya-ɗaya. Amsar ta fito a layi guda: an cire shafin daga kundi bisa umarnin da ke jikinsa. Shafin da kansa ne ke sallamar gizo. A cikin saitin WordPress, manhajar da aka gina shagon da ita, akwai wani ɗan akwati da ake latsawa idan ana son injinan bincike su kauce wa shafi, yawanci yayin da ake gini. Makonni biyu da suka wuce ɗan ƙanin Alhaji, yaro mai hazaƙa da ke koyon zanen shafuka, ya sabunta kamannin shagon domin Sallah. Ya latsa akwatin a kwafin gwaji, yadda ya kamata, sannan ya kwaso komai zuwa shafin gaske har da akwatin. Duk shafin da gizo ya sake ziyarta tun ranar, sai ya karanta umarnin ya cire shi.

Cire alamar bai ɗauki daƙiƙa biyar ba. Dawowa kundi kuwa sai gizo ya sake zagayowa, kwanaki ko makonni, kuma roƙon a hanzarta yana da adadin da ba a wucewa a rana. Ya zauna ya zaɓi waɗanda za su fara shiga layi: farar shadda, gezna, leshin mata, yadin yara. Labule da zannuwan gado za su jira bayan Sallah.

Abin da ya rage ya fi wannan wuya. Yaron ne ya latsa akwatin, amma shi ma ya san da sabuntawar. An gaya masa, ya buɗe shafin a waya, ya ga ya yi kyau, ya yaba, ya koma kan bututun Manchester. Dubawar minti biyu ce bai yi ba, kuma dominta ake biyan sa. Ga sauyin Google a gefe guda, ga yaro a ɗaya gefen, kowanne zai iya ɗaukar laifin ba tare da ya yi musu ba. Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya kira, ya faɗi abin yadda yake, ya sa nasa kason a gaba, ya kuma ce ba zai karɓi kuɗin watan Maris ba.

Alhaji ya yi shiru har ya zaci layin ya katse.

“Kwana nawa kafin su dawo?”

“Wasu cikin makon nan, in Allah ya so. Duka kuwa ba zan yi maka alkawari ba. Kafin nan a tura wa tsofaffin masu saye hotunan sababbin kaya ta WhatsApp, yau ɗin nan.”

“Allah ya kyauta. Zancen kuɗi ka bar shi sai mun haɗu. Yaron nan kuma gobe zan turo maka shi, ka nuna masa akwatin.”

Ƙaramar 'yarsa ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta ce Umma ta ce a fito, an kusa kiran salla, kunu na hucewa. Ya jawo littafin da yake rubuta jerin abubuwan dubawa, ya ƙara layi ɗaya a saman shafi, ya rufe. Rahoton Manchester yana jiran sa bayan tarawihi. Allon kuma ba zai nuna masa abin da ya faru yau ba sai ranar Alhamis.