Lakwaja da Tafin Ƙafa

Shekara da shekaru muna tsayawa gaban allo muna gaya wa yara cewa ranar 1 ga Janairu, 1900, Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ya karɓi ragamar mulki daga hannun Kamfanin Neja. Su rubuta, mu ba su maki, kowa ya kama gabansa. Alhali mu kanmu ba mu taɓa taka garin ba, iyaka mu gifta ta gefensa a mota in za mu Kudu. Rannan sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to Sarkin Kano Alu da aka kai can, ina kabarinsa yake?" Muka yi ta kame-kame har aka buga ƙararrawa. Kunyar wannan rana ce ta kai mu Lakwaja da hutu ya zo.

Da sassafe muka ɗaura takalmi muka hau Dutsen Pati, muna tafe muna haki. A can ƙoli ga ɗan gidan hutawar Lugga, daga nan kuwa mutum na hangen inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Nan muka gane abin da littafi bai fahimtar da mu ba, wato dalilin da ya sa Bature ya zaɓi wurin: wanda ya riƙe mahaɗar kogunan nan ya riƙe ƙofar Arewa.

Da muka gangaro cikin gari, muka bi ta makarantar Holy Trinity wadda 'yan mishan suka buɗe a 1865, muka ga ƙarafan nan da ake cewa duk bawan da ya gudo ya taɓa su ya zama ɗa. Muka leƙa maƙabartar Turawa, kowane kabari da dutsensa, an rubuta suna da muƙami da shekarar mutuwa. Duk waɗannan ba su yi mana wuyar samu ba.

Namu ne sai da muka yi ta tambaya. Wani dattijo ya ce, "Malam, Kabawa za ku." Ya shige gaba muna biye, lungu ya ba lungu, inda mota ba ta shiga. A wannan unguwa aka binne sarakunan da Turawa suka tuɓe suka kawo nan. Cikinsu akwai Alu, wanda mulkinsa ya ƙare da faɗuwar Kano a 1903, ya rasu a 1926. Akwai kuma Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ya rasu a 1924. Shi wannan, 'yan'uwa marubuta, namu ne, domin fasihin mawaƙi ne da har yau ake nazarin waƙoƙinsa a makarantu. Muka tsuguna muka yi musu addu'a, jikinmu ya yi sanyi.

To, jama'a, ba mu ga laifin kowa ba sai namu. Mun haddace ranar da baƙo ya ɗaga tuta, mun kasa sanin inda iyayenmu suke kwance. Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma mu mun ƙara da cewa sai in ta ƙafa ce. Mai son rubutu ya ajiye alƙalami na yini guda, ya taka tsohon garin da ke kusa da shi, ya gaida dattawa, ya yi tambaya.

Da aka koma makaranta, wancan ɗalibin muka fara nema.