Abiku dai wabi ne

Masu saurare, mu da muka yi lakol da Faransanci sai a kolaj muka fara Ingilishi. In aka kawo waƙa, ƙamus muke buɗewa, mu fassara kalma-kalma, mu haddace, a ba mu maki. Jigon waƙar kuwa, ko oho. Yaranmu na Urafan da Tasawa har yau haka suke fama.

Ku ɗauki "Abiku". Marubuta biyu na Najeriya, J.P. Clark da Wole Soyinka, mai kyautar Nobel ta 1986, kowa ya yi waƙa da wannan suna. A wajen Yarabawa, abiku yaro ne da ake haifa ya mutu, ya sake dawowa. To, ai wabi ke nan! Don me kakanninmu ke sa wa jariri Ajuji? A waƙar Clark roƙon yaron ake ya zauna, uwa ta gaji. A ta Soyinka yaron ne ke magana, yana yi wa magani da yanka ba'a. Ta Soyinka ta fi zafi, wallahi.

Mushe, kafin a taɓa ƙamus, tambayi aji: wa ya san ɗan wabi? Wasu za su ɗaga hannu. Wasu su sunkuyar da kai, don ƙanensu ne.