Allon da ba a wankewa sai an gama karatu

A cikin darussan da nake koyarwa a jami'a, babu wanda yake sa ni farautar kalmomin Hausa kamar na rabon gurbi a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Manhaja takan kasa aikinta kashi-kashi, suna gudana a lokaci guda, kowane kashi kuma zare muke kiransa. Idan zaruruwa duka daga rumbu ɗaya suke ɗibar gurbi, dole su yi layi. Shi ya sa tsare-tsare irin su tcmalloc na Google da jemalloc na FreeBSD suke ware wa kowane zare ɗan rabonsa, ya ɗiba ba tare da jiran kowa ba. Wasu masu rubuta manhaja har sukan share rabon gaba ɗaya a ƙarshen kowane aiki, su sake amfani da shi.

Irin wannan gurbi nakan kira shi allo, domin rubutu ake yi, a wanke, a sake rubutawa. A nan saurinsa yake, a nan kuma haɗarinsa yake. A ce zare na farko ya rubuta sakamako, ya miƙa wa na biyu adireshin wurin, sannan ya wanke allon ya shiga sabon aiki. Na biyu zai karanta abin da ba shi aka bar masa ba, kuma ba lallai kwamfuta ta yi ƙorafi ba. Ta irin wannan kafa masu kutse suke shiga. A 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na ɓarakar tsaro da yake toshewa kowace shekara daga kurakuran sarrafa ƙwaƙwalwa take.

Magani biyu nake nuna wa ɗalibaina. Na farko ƙidaya ce: wanda ya karɓi adireshi a ƙara ɗaya, in ya gama a rage ɗaya. Ba a wanke allon sai lissafi ya koma sifiri. Idan mai allon ya matsu kafin nan, ya ɗauki wani. Na biyu shi ne hanyar harshen Rust, wanda cikakken sigarsa ta farko ta fito a 2015: tun kafin manhaja ta fara aiki yake bin diddigin kowane adireshi, ya ƙi amincewa da wanda zai daɗe fiye da gurbinsa.

Masana fannin kan ce a bar gurbin da rai. Ni kalmar aro na fi so, domin da jin ta ɗalibi yake gane cewa akwai mai kaya, akwai kuma ranar mayarwa. Bambancin kawai, a nan mai kayan ne ya kamata ya yi haƙuri har mai aro na ƙarshe ya dawo.