Kango Mai Magada Arba'in



A shekarar 2008 bankunan Amurka suka yi ta ƙwace gidajen mutanen da suka kasa biyan bashin jingina, har layuka sukutum a birane irin su Ditiroit suka koma kangaye. Kango kuwa ba ya lalacewa shi kaɗai: darajar gidan maƙwabci takan faɗi, ɓata-gari su sami maɓoya. Sai gwamnatin George Bush ta ware dala biliyan 3.92 ta raba wa jihohi da ƙananan hukumomi, su sayi gidajen nan, su gyara wanda zai gyaru, su rushe wanda ya gagara. A 2009 aka ƙara biliyan 2, a 2010 aka ƙara biliyan 1. An kuma shardanta cewa kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ya tafi ga muhallin masu ƙaramin ƙarfi, don kada gyara ya zama hanyar korar talaka.

Abin da ya tsaya mana a rai, mu masu riƙe da littafin zauren mai unguwa, ba yawan kuɗin ba ne. Galibin gidajen can suna da mai shi guda, wato banki, da takarda a hannu, kuma a ƙagare yake ya sayar. Aka yi ciniki, aka sa hannu, magina suka shiga.

To, mu waiwayo gida. A 2017 majalisar Ghana ta kafa Asusun Raya Zango, an kuwa ga aikinsa: ajujuwa, magudanan ruwa, fitilun titi, filayen ƙwallo masu ciyawar roba. Ba mu raina ba. Sai dai mai tafiya a lungunan Nima, ko Sabon Zangon da Malam Baƙo ya kafa a Ankara, ko tsohon Zangon Kumasi, zai ga wata cuta da fitila ba ta magani. Kangonmu ba banki ne ya ƙwace shi ba. Kaka ya gina, ya rasu, aka ce a bari ƙasa ta yi sanyi kafin a raba. 'Ya'ya suka bi shi ba a raba ba, jikoki suka watsu, wani yana Legas, wani Jidda, wani Jamus. Yau ɗaki goma sha biyu ne, magada arba'in. Kwano ya tsiyaya, babu mai zuba kuɗinsa a abin da bai san rabonsa ba. In kuwa wani ya yi zuciya ya sayo siminti, sai a fara raɗe-raɗin zai cinye gida. Gwauruwar da shari'a ta ba tumuni tana kwana ƙarƙashin bango mai tsaga.

Ko yau gwamnati ta zo da kuɗin gyara, wa za ta ba? Wa zai sa hannu? Gidaje da dama ba su da rajista a hukumar filaye, sai shaidar dattawa, su ma suna ta ƙarewa. Ga kuma dokar gado ta 1985, wadda ta hau kan kowa ba tare da duba addini ba, kuma kasonta ya saɓa da na Suratun Nisa'i, shi ya sa da yawa ke gudun kotu.

Roƙonmu ga masu riƙe da asusun shi ne a ware wani abu, kome ƙanƙantarsa, don aikin da ba a yanka masa kirtani a gaban 'yan jarida: ma'aunin fili, lauya, da malamin da ya san fara'ili, su zauna da iyali gida-gida har a fitar da rabo a rubuce. Wanda ke son kuɗi a biya shi, mai son zama ya sami takardar da zai nemi tallafi da ita. Mu a namu ɓangaren mun shirya buɗe littafi na dabam don sunayen magada, kuma muna roƙon 'yan'uwa na ƙetare su aiko da wakilci a rubuce kafin damina ta sauka.